Gudummawar Gashi da Motsa Gaɓɓai Wajen Magance Kumburin Hannu da Ƙagewar Kafaɗa Bayan Tiyatar Sankarar Mama

Tsakure

Wannan maƙala tana bahasi a kan larurori biyu da kan biyo bayan jinyar sankarar mama, wato kumburin hannu da ƙagewar kafaɗa, tare da duba abin da gashi da motsa gaɓɓai suke iya yi musu. Manufarta ita ce ta tabbatar, bisa hujjar gwaje-gwajen da aka gudanar a asibitocin ƙasashe daban-daban, cewa shawarar da aka daɗe ana ba mata, ta su lallaɓa hannun ɓarin da aka yi wa aiki, ba ta hana kumburi, sai dai ta jawo ƙagewa, kuma galibin abin da ake bukata domin kiyaye hannun bai wuce magwajin tela da bandeji da ma'aikacin da ya san aikinsa ba.

1.0 Muƙaddima

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma ta zama ajalin kimanin 670,000. A Nijeriya kuwa ƙididdigar 2020 ta nuna sababbin kamu fiye da 28,000, abin da ya sa ta kan gaba cikin dukkan nau'o'in sankara a ƙasar. Da yake hankalin likita da na dangi yakan tattara ne a kan ceton rai, wanda kuwa shi ya cancanci a gabatar, sau da yawa da zarar an cire ƙarin, an ɗinke, rauni ya kame, sai a ɗauka jinya ta ƙare, alhali kuwa matar da aka sallama za ta koma gida ne da hannun da za ta ɗaura ɗankwali da shi, ta goya ɗa, ta tuƙa tuwo, ta ɗaga shi wajen kabbarar harama, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar kafaɗa mai juyawa da dantse marar nauyi.

Mas'alar ta fi tsanani a nahiyarmu saboda makara. Jedy-Agba da abokan aikinta, a nazarin da suka buga a 2016 bayan sun tattara bincike 83 daga ƙasashe 17 na kudu da Sahara, sun samu cewa kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen matan da aka gano da cutar sai da ta kai mataki na uku ko na huɗu sannan aka gano ta. Wadda ta zo a makare kuwa, in har za a yi mata tiyata, galibi ba makawa sai an kwashe mata kaluluwar hammata, a kuma bi wurin da haske, waɗannan biyun kuma su ne manyan sabubban larurorin da ake magana a kansu.

1.1 Isɗilahi

Kaluluwa sananniya ce ga Bahaushe, ita ce ƙullutun da kan taso a hammata ko matsematsi idan an ji ciwo a hannu ko ƙafa. Abin da maƙalar ta kira ruwan kaluluwa shi ne ruwan nan garai-garai mai ɗauke da furotin, wanda ke tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin nama, sa'an nan wasu siraran magudanai su kwashe shi, su ratsa da shi ta kaluluwa, su mayar da shi cikin jini a gindin wuya. Kalmar gashi kuwa tana bukatar taka tsantsan, domin a bakin majinyata tana ɗaukar ma'ana uku: aikin sashen motsa gaɓɓai na asibiti, da haskawar da ake yi wa sankara da na'ura, da kuma gashin gida na ruwan zafi da tsumma. A nan an keɓe “gashi da motsa gaɓɓai” ga ma'ana ta farko, an kira ta biyu “jinyar haske”, ta uku kuwa za a zo ga hukuncinta a fasali na shida.

2.0 Ra'ayoyin Magabata

William Halsted, likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda a 1894 ya bayyana tiyatarsa ta cire mama tare da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata baki ɗaya, shi ne kuma a 1921 ya rubuta a kan kumburin da ke biyo bayanta, ya ba shi sunan da ma'anarsa ita ce tundurmin tiyata, ya ɗora mafi yawan laifin a kan ƙwayoyin cutar da ke shiga rauni. A tsawon ƙarnin da ya biyo baya an tara wa mata hane-hane masu yawa: kada a ɗauki abu mai nauyi, kada a yi aiki mai maimaituwa, kada a yi allura ko awon jini a wannan hannun, mafi yawansu kuwa an gina su ne a kan zato mai kyau da taka tsantsan, ba a jarraba su ba sai daga baya.

Ta fuskar magani, Alexander von Winiwarter ya bayyana tun 1892 hanyar ɗaga gaɓa da tausa da naɗi. Emil Vodder da matarsa Estrid, mutanen Denmak, suka gabatar da tausarsu mai taushi a birnin Faris a 1936. Daga bisani Michael da Ethel Földi a Jamus suka haɗa tausa da naɗi da motsa jiki da kula da fata suka zama tsari guda, wanda har yau shi ne madogara. Game da kafaɗa kuwa, Duplay ya siffanta larurar a Faransa a 1872, Codman na Boston ya ba ta sunanta na daskarewa a 1934, Neviaser kuma a 1945 ya nuna cewa asalin illar tana cikin jakar da ta lulluɓe gaɓar, wadda kan yi kauri ta tsuke.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar bitar ayyukan da aka riga aka buga, aka fifita gwaje-gwajen da aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, da manyan bitocin da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, musamman na tsakanin 2000 da 2022. Da yake an gudanar da su ne a Turai da Amurka da Indiya, abin da aka faɗa game da ƙasar Hausa a fasali na shida ƙiyasi ne a kan sakamakonsu, kuma a matsayin ƙiyasi ya kamata a karɓe shi.

4.0 Kumburin Hannu

4.1 Sababi da Awo

A hammatar mutum akwai kaluluwa tsakanin 20 zuwa 40, kuma ta cikinsu ne kusan dukkan ruwan hannu da na mama ke bi. Idan aka kwashe su, ko haske ya mayar da wurin tabo, sai ruwan ya rasa isasshiyar hanya ya kwanta a ƙarƙashin fata, furotin ɗin da ke cikinsa kuma ya riƙa jawo kauri da taruwar kitse sannu a hankali, har kumburin da a farko kan sace in an ɗaga hannu ya zama mai tauri wanda yatsa ba ya lotsa shi. DiSipio da abokan aikinta, cikin bitar bincike 72 da suka buga a 2013, sun samu cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar na kamuwa da shi, kuma bambancin da ke tsakanin nau'in tiyata babba ne: kimanin kashi 20 cikin 100 ga waɗanda aka kwashe wa hammata, ƙasa da kashi 6 ga waɗanda aka cire wa kaluluwar farko kaɗai domin gwaji. Mafi yawan kamuwar kan bayyana cikin shekara biyu na farko.

Awon ba shi da wuya. Majinyaciya za ta zauna ta miƙa hannu a kan tebur, ma'aikaci ya sa alama da biro tun daga wuyan hannu, duk bayan santimita 4, har zuwa kusa da hammata, ya zagaya magwaji a kan kowace alama ba tare da ya matse fata ba, ya rubuta, sa'an nan ya maimaita a ɗaya hannun. Bambancin santimita 2 a wuri guda, ko na mililita 200, ko na kashi 10 cikin 100 na girman hannu, su ne ma'aunan da aka saba kafa hukunci da su. Sai dai hannun da mutum ya fi aiki da shi da ma yakan ɗara ɗayan kauri, saboda haka awon da ba shi da na kafin tiyata da za a gwada shi da shi, rabin shaida ne. Fa'idar awon farko ta bayyana a binciken Stout Gergich na 2008, inda aka auna mata 196 kafin aiki aka ci gaba da bibiyarsu, aka tsinci 43 da ƙarin girman da ido bai fara gani ba, aka sa musu safar matsi ta kimanin wata guda, hannun ya koma kusa da yadda yake.

4.2 Naɗi, Tausa da Kula da Fata

Jinyar kumburin da ya riga ya kafu zango biyu ce. A zangon farko, wanda kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, ana wanke hannu a shafe shi da mai, a zura masa safar auduga, a naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya da siririn bandeji, a shimfiɗa auduga ko soso mai laushi domin a daidaita lungu da tudu, sa'an nan a bi da bandeji mai ƙarancin talewa hawa-hawa, matsinsa ya fi ƙarfi a wuyan hannu yana raguwa zuwa kafaɗa. A haka za ta kwana ta wuni, tana motsa hannun a cikin naɗin, domin duk sa'ad da tsoka ta kumbura ta tokari bandejin da ba ya ba da kai, sai ruwan ya yi sama. A zango na biyu, wanda ba shi da ranar ƙarewa, safar matsi mai ƙarfin milimita 20 zuwa 30 a ma'aunin zaiba ita ke maye gurbin bandeji da rana, kuma akan sabunta ta duk bayan kimanin wata shida saboda saki.

Wanne ne cikin waɗannan rukunai ya fi ɗaukar nauyin aikin? Gwajin Badger na 2000 ya nuna cewa naɗi na kwana 18 sannan safa ya rage kumburi kusan ninki biyu na abin da safa kaɗai ta rage. Bitar Cochrane ta 2015, wadda Ezzo ta jagoranta a kan gwaji shida, ta samu cewa naɗi shi kaɗai yana rage kashi 30 zuwa 39 cikin 100 na kumburin, tausar Vodder kuma ta ƙara kimanin kashi 7 a kai. Hukuncin da ya fito daga nan a fili yake: tausa ta yi suna fiye da gwargwadon aikinta, kuma asibitin da ke da ƙarancin ma'aikata ya fi dacewa ya kashe lokacinsu wajen koya wa majinyaciya da 'yar rakiyarta naɗi mai kyau. Ita kanta tausar ba irin matsar da aka sani a gida ba ce. Jan fata ne a hankali, ana farawa daga wuya da ƙirji kafin a sauko ga hannu, domin a share hanya tukuna. Daga asibitin Tata na Mumbai kuma, inda can ma ake fama da zafi, gwajin Paramanandam na 2022 a kan mata 307 ya nuna cewa sa safar matsi tun bayan tiyata ya rage masu kumburi cikin shekara guda daga kashi 25 zuwa kashi 14, bisa awon girman hannu.

Ba a naɗi ko tausa idan fata ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi, domin wannan harbin ƙwayoyin cuta ne da ke bukatar magani a ranar. Haka nan idan ana zaton gudan jini a jijiya ko zuciya ta gaza. Magungunan sa fitsari kuwa ba su da gurbi a nan, tun da ruwa suke janyewa su bar furotin.

4.3 Ɗaukar Nauyi

A nan ne ra'ayin magabata ya fi shan kaye. Kathryn Schmitz da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun raba mata 141 masu kumburi gida biyu, rabi suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har shekara guda, suna sanye da safa, ana fara musu da mafi sauƙi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa tashin kumburi ya sami kashi 14 na masu ɗagawa, ya sami kashi 29 na waɗanda aka bari. A kashi na biyu na gwajin, wanda ya fito a 2010 a kan matan da ba su riga sun kumbura ba, cikin matan da aka cire wa kaluluwa biyar ko fiye, kashi 7 na masu ɗagawa ne suka kamu, a kan kashi 22 na sauran. Haka kuma binciken Ferguson na 2016 bai sami alaƙa tsakanin ƙarin girman hannu da allura ko ɗibar jini ko hawa jirgin sama ba, ya same ta ga ƙiba da kwashe hammata da haskata da harbin fata. Sharaɗin dai shi ne tadriji: hannun da ya yi wata uku a kwance ba a fara shi da taɓarya.

5.0 Ƙagewar Kafaɗa

Matar da aka yi wa tiyata takan maƙale hannunta a ƙirji saboda zafi da tsoron kada ɗinki ya ɓalle, tsokar ƙirji ta gajarce, tabo ya kama naman da ke ƙarƙashinsa, wani lokaci kuma wasu igiyoyi masu tauri su miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu, kamar yadda Moskovitz ya siffanta a 2001. Idan wannan hali ya daɗe, sai jakar gaɓar kanta ta tsuke. Alamar da ke bambanta ƙagewa ta haƙiƙa da sauran ita ce, ko ma'aikaci ne ya kama hannun ya juya, ba zai tafi ba, musamman juyi zuwa waje, wanda shi ne farkon ɓacewa. Mai ciwon sukari ta fi kowa haɗari. Wajibi ne kuma, kafin a tanƙwara kafaɗar mai tarihin sankara, a tabbatar da hoto cewa ciwon ba yaɗuwar cutar zuwa ƙashi ba ne, domin ƙashin da sankara ta ci yana karyewa da ɗan ƙarfi kaɗan. Reeves ya nuna a 1975 cewa larurar kan bi zango uku, na zafi da na tauri da na saki, jimillarsu kimanin wata 30 a matsakaici, wanda kuwa dogon lokaci ne ga wadda ke da gida a wuyanta.

Saɓanin da aka daɗe ana yi shi ne na lokacin farawa. Bitar McNeely ta 2010 a kan bincike 24 ta nuna cewa motsi tun kwanakin farko yana saurin dawo da ɗagawar hannu, amma yana ƙara ruwan da ke fita ta robar rauni. Gwajin PROSPER na Ingila, wanda aka buga a 2021 a kan mata 392 daga cibiyoyi 17, ya bi tsaka-tsaki: motsi mai sauƙi wanda bai wuce tsayin kafaɗa ba a makon farko, cikakken shiri a hannun ma'aikacin gashi daga kwana 7 zuwa 10, ƙarfafa tsoka daga mako na huɗu, bayan shekara guda waɗannan mata sun fi sauran amfani da hannu, sun fi su ƙarancin ciwo, ba a ga ƙarin kumburi ko matsalar rauni ba, kuma kuɗin da aka kashe a kansu ya fi ƙanƙanta.

Idan kuwa kafaɗa ta riga ta ƙage, ƙarfi ba ya buɗe ta. Diercks da Stevens sun gwada majinyata 77 a 2004, suka samu cewa bayan shekara biyu kashi 89 na waɗanda suka yi motsi iyakar abin da ba ya sa ciwo sun warware, a kan kashi 63 na waɗanda aka riƙa miƙewa da tsanani. A zangon zafi, allurar sitiroyid a cikin gaɓa tare da motsi mai sauƙi tana kawo rangwame na makonni, sai dai tana ɗaga sukarin mai ciwon sukari. Gwajin UK FROST na 2020 a kan mutum 503, ko da yake ba masu sankara ba ne, bai sami fifiko mai ma'ana ga tiyata ko tanƙwarawa cikin banju a kan gashi da allura ba. Kayan aikin kuwa suna cikin kowane gida: ta sunkuya ta bar hannu yana lilo, ta tsaya gaban bango tana hawa da yatsu tana sa alama da gawayi inda ta kai yau, ta kwanta rigingine ta riƙe muciya da hannu biyu lafiyayyen yana tura ɗayan, ta kama zane ta bayanta tana ja sama kamar mai gyara goyo.

6.0 Mahaɗar Larurorin Biyu da Yanayin Ƙasar Hausa

Larurorin nan biyu suna ciyar da juna, domin ruwan kaluluwa ba shi da zuciyar da ke harba shi kamar jini, ya dogara ne ƙwarai ga motsin tsoka, saboda haka kafaɗar da ta ƙage tana rage kwashewarsa, hannun da ya yi nauyi kuma yana jan kafaɗa yana ƙara mata ciwo. Shaidar wannan ta zo daga Sifen, inda Torres Lacomba a 2010 ta raba mata 120 da aka kwashe wa hammata gida biyu, waɗanda aka fara wa gashi da wuri kashi 7 ne suka kumbura cikin shekara guda, sauran kuwa kashi 25. Akwai kuma wata illa da ba a cika ambata ba: jinyar haske tana bukatar mace ta kwanta hannunta a ɗage sama da kai, wadda ba ta iya ɗagawa kuwa sai a ɗaga mata ranar, a ƙasar da samun layin na'urar da ma jan aiki ne.

A nan ne shubuhar kalmar gashi take zama haɗari. Matar da aka ce wa ta je a yi mata gashi, in asibiti ya yi nisa, abin da ya fi kusa da fahimtarta shi ne ruwan zafi da tsumma, alhali zafi yana ƙara kwararar ruwa zuwa hannun da ya kasa kwashe wanda ke ciki, kuma cikin dantse sau da yawa a mace yake saboda jijiyar ji da kan yanke wajen tiyata, har ta ƙone ba ta sani ba. Ƙaho da tsaga a wurin wanzami sun fi wannan muni, domin ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta a gaɓar da aka cire wa masu tsaronta. Kaushi da faso na hunturu su ma ƙofa ne, maganinsu kuwa man kaɗanya ne ko basilin safe da yamma. Zobe da awarwaro masu matsewa a koma da su ɗaya hannun. Game da alwala, wadda kan sa wasu kwance naɗi sau biyar a yini har ya rasa amfani, littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Mukhtasar na Halil suna da fasali a kan shafa bisa jabira, kuma ya kamata ma'aikatan gashi su nemi fatawar malamai a kan wannan naɗi musamman, su riƙa isar da ita ga majinyata. Haka nan aikin yana bukatar buɗe ƙirji da hammata, saboda haka samar da ma'aikata mata sharaɗi ne na dawowar majinyaciya karo na biyu.

An fara koyar da wannan fanni a matakin digiri a Jami'ar Ibadan tun 1966, kuma yau ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, wato masu aikin suna nan, abin da ya rage shi ne a haɗa su da majinyatan a kan kari. Kiran da wannan maƙala ke yi ga likitocin fiɗa da shugabannin asibitoci shi ne, kada a shigar da mace ɗakin tiyatar mama sai an auna hannayenta biyu an rubuta a katinta, kuma kada a sallame ta sai da takardar ganin ma'aikacin gashi cikin kwana goma.